Maɗaukin Kanwa

Litinin, 3 ga Maris

Matar jikana Direba ta sauka lafiya. Namiji. Allah ya nuna mini tattaɓa-kunnena da idona. Da aka miƙo mini shi na ɗaga 'yar hular, sai ga ta nan a goshi, fara fat, kamar an ɗiga madara. Kanwa. Haka muke kiranta a gidanmu tun ba a haifi ubana ba, ɗan tsagin farin gashin nan da wasunmu ke zuwa duniya da shi. Mata na ta shewa, wai ya ɗauko ni sak. Ni ban yi dariya ba. Na ce da Direba ya nemo mini Mai Aski.

Talata, 4 ga Maris

Ba a sallame su daga asibiti ba. Kanwa na can tana aikinta, mu muna jiran sa hannun likita.

Alhamis, 6 ga Maris

An aske. Na tsaya a kan Mai Aski har sai da reza ta kai tushe.

Bari in rubuta don ranar da ba ni. Kanwa shan kunne take yi. In aka bar ta ta yi tsawo, sai ta janye jin yaro kaf. Maganinta a riƙa askewa duk sanda ta leƙo, har yaro ya fara magana. Ni an aske mini, ga ni nan da tsufana ina jin motsin gara a cikin katako. Ƙanena Auta ba a aske masa ba. Inna na kwance da zazzaɓi, Baba ya yi tafiya, kafin a farga ta kai tsawon ɗan yatsa. Bai taɓa jin sunansa ba har ya koma ga Allah. Ba labari aka ba ni ba.

Asabar, 8 ga Maris

Mai Ɗigo ta zo ganin jariri. Jikata, ƙanwar Direba, wadda ke aiki a ɗakin bincike. Ni na sa mata sunan, don duk sanda ka leƙa kwamfutarta ba komai sai ɗigo-ɗigo.

Tana ɗaga hular ta ce, "Tsoho, me ka yi wa ɗan mutane? Goshi kamar ƙwai!"

Na ce ɗan mutane? Nawa ne, har ubansa.

Sai ta kawo zancen da ya kawo ta. Wai a asibiti sun gwada kunnensa, na'urar ba ta ba da amsa ba, sun ce a komar da shi. Na ce ba mai liƙa wa jinina waya a kai, an riga an yi maganin abin. Direba ya sunkuyar da kai. Ni na raine shi tun rasuwar ubansu, bai taɓa tsallake maganata ba. Maijego tana kallon bango.

Mai Ɗigo ta ce, "Angona, in da matsala da wuri ake kama ta. Watannin farkon nan ba sa dawowa." Na ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi. Ta ce ita ba ta hawan rimi, madubin ƙara girma take leƙawa. Da na sani da bakinta aka yi askin, ya fi rezar kaifi.

Laraba, 12 ga Maris

Ta buɗe mini kwamfutar a kan teburin cin abinci, teburin da na haɗa da hannuna ubanta yana rarrafe. Ɗigo ja, ɗigo shuɗi, zare ya haɗa wannan da wancan kamar saƙar gizo. Ta ce kowane ɗigo ƙwayar gado ce, irin waɗanda ke cikin jikin mutum suna yanke masa launin gashi da tsawon hanci. Wai ba kullum suke aiki ba, wata ta tashi, wata ta kwanta, kuma wasu ke ba wasu umarni. Ita aikinta ta gano wa ke aiken wa.

Na ce, kina jin su suna magana ne? Ta ce a'a, aunawa ake yi sau dubbai. Duk biyun da aka ga suna tashi tare suna kwanciya tare, sai a ja zare tsakaninsu.

Na ce, au, ashe gulma ce! An ga wane da wance sun fito lungu ɗaya sau uku, shi ke nan an gama musu shari'a. Ai matan layinmu sun fi ku iyawa, kuma ba su sa farar riga.

Ta yi dariya har da ƙwalla. Ta ce, "Wallahi, Tsoho, ka taɓo inda ke mana ciwo. Zaren ba ya faɗin wa ya aiki wa. Wani lokaci ma ba ruwan wannan da wancan, wani na uku ne a gefe ke jan su duka." Sai ta kalle ni ta wutsiyar ido. "Kamar kanwa da kunne."

Na rufe mata kwamfutar. Na ce a kawo mini shayi.

Lahadi, 16 ga Maris

Ruwa tun shekaranjiya. Ƙofar kicin ta kumbura, ba ta rufuwa. Gwiwata ma ta kumbura, kullum tare suke yi kamar 'yan biyu. Na fere ƙofar.

Alhamis, 20 ga Maris

Kanwar ta sake leƙowa, an sake askewa. Maijego ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Daga ciki na ji ta ce, "Baba Tsoho, ko sau ɗaya bai juyo ba in na kira shi." Na ce ɗan jaririn da ko wuyansa bai riƙe ba, ina ya san kira? Ubansa ma da gemunsa sai an kira shi sau uku.

Ba wanda ya yi dariya. Gidan nan an daina gane wasa.

Talata, 25 ga Maris

Mai Ɗigo ta zo da lallami, har da sabon fensirin kafinta mai faɗi, irin wanda nake rubutun nan da shi. Wai in jero mata dangi, ta ɗauki muryata a waya, don ni kaɗai na rage da ke riƙe da su. Wannan kam gaskiya ta faɗa. Kunne ya girmi kaka, abin da ban gani ba na ji a bakin waɗanda suka gani.

Na fara daga kakan Baba, mai gyaran kwale-kwale: kanwa, an aske, yana ji. 'Yarsa mai ɗinki: kanwa, an aske, tana ji, har abin da ba a faɗa ba. Na bi su ɗaya-ɗaya, ban yi tuntuɓe ba. Da na zo kan Baffa Dogo na wuce. Ta tsayar da ni.

"Baffa Dogo ba shi ne wanda ka ce ana yi masa magana da hannu ba?"

Na ce shi ne. Ta ce an aske masa? Na ce an aske, amma mai askin ne ya yi ha'inci, bai kai tushe ba. Kowa ya san wannan.

"Gwaggo Mage fa, mai ido ɗaya shuɗi, da kake cewa sai an zagaya ta damanta?"

Na ce ita ba a sa ta a lissafi, don ba ta da kanwa.

Ta ajiye wayar. Ta ce, "Tsoho, ga wanda aka aske bai ji ba, ga wadda ba ta da ita kuma ba ta ji. Karin maganar da kuka samo sunan, me ta ce?" Na ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, za ki koya mini ne? Ta ce, "To in mutum biyu suka bi maɗaukin kanwa ɗaya, dukansu suka yi fari, wa ya shafa wa wa? Gashi da kunne abokan tafiya ne kawai. Akwai mai ɗauke da buhun, wani ya zuba masa a kai, wani a kunne, wani duka. Shi muke nema."

Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Karin maganar gidanmu za ta juya ta soke ni da ita!

Juma'a, 28 ga Maris

Ba na magana da ita. Fensirin dai yana da kyau.

Laraba, 2 ga Afrilu

Ta aiko Direba, wai kantar ɗakin bincikensu ta lanƙwasa, kafintocin yanzu sun kasa. Na san tarko ne. Na je don katakon, ba don ita ba.

Wuri ne mai sanyi kamar cikin randa, injuna na gurnani ƙasa-ƙasa, ko'ina warin ruwa. Mai gadi ya rataya mini kati a wuya kamar rago. Kantar kuwa da gaske ta lanƙwasa, sun ɗora wa siririn katako kwalabe fiye da ƙarfinsa. Na faɗa musu abin da na gani, ban rage ba.

Sannan ta ja ni wurin wasu farantai biyu na gilashi. 'Ya'yan kifi ne a ciki, ƙanana kamar yankan farce. Na faranti ɗaya masu baƙin zane, na ɗayan farare sol. Ta ce in ƙwanƙwasa. Na ƙwanƙwasa na farko da fensiri, suka watse kamar an jefa dutse cikin kasuwa. Na ƙwanƙwasa na biyu. Ko gezau.

Na ce, Allahu akbar, ga shi da hannunki kin kafa mini shaida! Fari ya sha kunnensu. Har wani mai farar riga ya leƙo.

Ta ce, "Abu ɗaya muka cire musu tun suna ƙwai, ɗigon da zarurruka suka fi taruwa a kansa. Launi ya tafi, kunne ya tafi. Ba mu taɓa launin ba, ba mu taɓa kunnen ba. In ka shafa musu baƙin fenti, za su ji?"

Na ce kifi ba danginmu ba ne. Na karɓi ma'aunina na fito.

Asabar, 5 ga Afrilu

Yau Auta ya tsaya mini a rai. Tare muka yi aiki a wurin yankan katako, ba wanda ya kai shi iya fere, yana shafa itace ya san inda zai tsage. Babbar mota ce ta yi baya da kaya. Mai tuƙa ta ya yi ta hon, duk muka yi ta ihu. Yana duƙe yana ɗaure igiya.

Inna ta rayu bayansa da daɗewa. Ba ta taɓa cin abinci ta ƙoshi ba. Kullum, "Da na tashi na nemi reza." Da wannan maganar a bakinta ta tafi.

Shi ne yarinyar jiya za ta ce mini reza ba komai ba ce? To Inna kukan me ta yi ke nan?

Alhamis, 10 ga Afrilu

Murfin babbar tukunya ya suɓuce wa Maijego da hantsi, ya yi ta rawa a kan siminti. Ni da ke tsakar gida sai da na zabura. Kyanwar maƙwabta ta haura katanga. Yaron na kwance kusa da ƙofar kicin, idonsa biyu, yana kallon labule.

Yaro ne mai haƙuri. Ni ya biyo.

Litinin, 14 ga Afrilu

Aski na uku. Bayan Mai Aski ya tafi, Direba ya zo ya tsuguna gabana yana murza makullin mota. Ya ce, "Baba Tsoho, ban taɓa yi maka musu ba." Na ce kada ka fara yau. Ya ce, "Gwaji ne kawai. In lafiya lau ne, me muka rasa?"

Na ce in ya kai shi, ya nuna wa duniya askina wasan yara ne, kuma kakanninsa duk wawaye ne. Ya kai shi in ya ga dama, amma ya nemi wani kakan a can.

Bai kai shi ba. Ya fita ya wanke motar da ya riga ya wanke da safe.

Maijego ta daina gaishe ni da baki, sai da rusunawa. Shayina kuma ya fara zuwa a sanyaye.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ina haɗa wa yaron ɗan gado a rumfar aikina. Uwarsa na wanki, ta bar mini shi a cikin kwandonsa a gefe. Ba kowa. Na ɗauki guduma na zagaya bayansa, na daki bokitin ƙarfe. Tsuntsaye suka tashi daga kan waya. Na ƙara. Yana tsotsar hannunsa.

Na ce bari dai in gwada tsawon gadon. Na shimfiɗa zane a kan katakon na kwantar da shi. Akwai ƙusa ɗaya can ƙarshe da ta ɗan ɗago kai, na ba ta ɗan bugu kaɗan, wanda ko ƙuda ba zai kora ba. Ya zabura. Hannuwa sama, ido waje, yana neman wanda ya taɓa shi.

Na san wannan zaburar. Haka nake kiran Auta in yana can ƙarshen gungume, in bugi itacen, ya ji a tafin ƙafarsa, ya waiwayo.

Na duba goshin. Sumul. Ko gashi ɗaya babu. Ni na tsaya a kan rezar, sau uku, har tushe.

Ban faɗa wa kowa ba. Ƙusar ce ta ɓata mini rai, ƙusoshin yanzu duk na banza ne.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Ruwa ya dawo. Ƙofar kicin da na fere tana rufuwa lafiya lau. Gwiwata na nan a kumbure.

Na daɗe ina kallon ƙofar nan.

Talata, 22 ga Afrilu

Da safe na ce da Direba ya fito da mota, za ni asibiti a duba mini gwiwa. Na ce tunda dai motar za ta, kuma akwai wuri a baya, wanda ya ga dama ya ɗauko ɗansa ya sha iska. Ban ba kowa izini ba. Maijego ta fito da jakar yaron a shirye, wato ta kwana biyu a bayan ƙofa. Mai Ɗigo kuma muka tarar da ita a bakin asibitin, kamar an dasa ta.

An liƙa masa wayoyin yana barci a hannun uwarsa. Ba su yi masa zafi ba, na lura. Mai gwajin, wata mace mai magana a hankali, ta daɗe tana kallon allonta. Ta ce na dama babu. Na hagu akwai ɗan saura, kuma da aka zo yanzu, za a iya sa masa abin ji a riƙe sauran, a fara koya masa tun harshe bai wuce shi ba. Ta ce gara da ba a ƙara jinkiri ba.

Ba wanda ya kalle ni. Da sun kalle ni ma da ya fi.

Gwiwar, an ce tsufa ne. Sai da na zo asibiti zan san wannan?

Laraba, 23 ga Afrilu

Na shirya wa Mai Ɗigo amsa tun asuba, ina jiran ta ce "ai na faɗa maka". Ta zo ta zauna a kan bencin aikina tana wasa da ɓawon katako. Ta ce akwai wani zare a kwamfutarta da ta yi shekara tana rantsuwa da shi, har ta yi faɗa da shugabanta a kansa. Da suka cire ɗigon a jikin kifi, ba abin da ya motsa. Ashe abokan tafiya ne. Ta ce ta kulle kanta a banɗaki ta yi kuka.

Na ce to ke da aka biya wa makaranta.

Ta ce, "Danginka da ka jero mini, ba wanda ya riƙe irinsa. Kun ga tafiyar tare, kuma gaskiya kuka gani. Kibiyar ce kawai kuka ɗora a inda babu ita. Mu ma kullum muna yi."

Na ce ni ban ɗora komai ba, na tarar da ita a ɗore. Ta ce ta sani, Angona. Ta share mini ƙurar zarto daga kafaɗa. Amsar da na shirya ta tafi a banza, kuma amsa ce mai kyau.

Talata, 6 ga Mayu

An sa masa abin, ɗan ƙarami a bayan kunnen hagu kamar ƙwaro ya maƙale. Uwarsa ta kira shi, ya ɗaure fuska kamar alƙali, sannan ya fashe da kuka. Ita ma. Direba ya fita duba taya.

An ba su takarda mai hotunan hannuwa, wai su fara koyon maganar hannu. Na leƙa. Ruwa, wai haka ake yi. Ba haka ba ne! Ruwa, ka dunƙule hannu ka karkata a baki. Abinci, yatsu uku. Mota na zuwa, ka bugi ƙirji sau biyu ka nuna baya. Hannuwana suka yi ta yi su kaɗai, abin da na zaci an binne tare da Auta. Na ɗaga kai na ga duk sun zuba mini ido, Mai Ɗigo ta ɗaga waya.

Na ce su koyi na takardar, don makaranta. Na gida kuma ni ne malamin, kuma ba na son latti.

Alhamis, 15 ga Mayu

Mai Aski ya zo da jakarsa, lokacin ya yi. Kanwar ta leƙo, tana sheƙi a goshi. Na karɓi rezar na duba, na ce ba ta da kaifi, ba za a sa wa yaro wannan ba. Ya ce, "Haba Kafinta, sabuwa ce fil, yanzu na ɓare ta." Na ce to ni ka aske mini, kada ka koma hannu banza. Yana yi yana tsiya, wai ina tawa kanwar take, duk kan ya zama buhu guda.

Shayi ya zo da zafinsa.

Da yamma na kwantar da yaron a sabon gadonsa, na ƙwanƙwasa katakon. Ya waiwayo. Na shafa goshina da yatsa biyu, sunan da Auta ya sa mini ke nan, Mai Askakken Goshi. Na sake. Yana bin hannun da ido. Sai na shafa nasa, farin ya yi laushi kamar auduga. Ban taɓa sanin haka take ba, ban taɓa barin ta ta kai a shafa ba.

Ban ce yarinyar nan ta yi gaskiya ba. Rezar ce.

Inna, ko da kin tashi ran nan kin nemo rezar, da ba ta hana komai ba. Ki huta.